Akwatin Taimakon Gaggawa a Gida

  

A azumin bara, lokacin sahur, ruwan zafi ya zubo wa ƙanena a hannu. Kowa ya ruɗe. Kaka ta ce a shafa manja, wani ya ce man goge baki, ni kuwa ina tsaye ban san abin yi ba. Da muka kai shi asibiti, ma'aikaciyar jinya ta yi mana faɗa sosai. Ashe ƙuna ruwa mai sanyi take so, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa har minti 20, sannan a rufe da kyalle mai tsabta. Daga nan muka haɗa akwati a gidanmu.

Ba sai mai tsada ba. Robar da ke da murfi ta isa. A sa bandeji, filasta, auduga, almakashi, safar hannu, sabulu da Bétadine na wanke ciwo. A ƙara ma'aunin zafin jiki da farasitamol, na manya daban, na yara daban. Asfirin kam kada a ba yaro.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne Orasel-Zinc, don gudawa tana ƙarar da ruwan jikin yaro da sauri, wallahi kafin ka ankara ya galabaita. In babu shi, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ana ba shi kaɗan-kaɗan.

Amma fa akwati ba likita ba ne. Zazzaɓi ya kai 38, musamman da damina, a je a yi gwajin maleriya, farasitamol sauke zafi kawai yake yi. Maciji ya sari mutum, kada a tsaga, kada a ɗaure, a nemi zemijan zuwa CHUD Borgou ko asibiti mafi kusa da Titirou.

Magani a farmasi za a saya, ba na bakin titi da rana ta gasa ba, kuma a duba ranar lalacewarsa. A jikin murfi na rubuta 118, lambar 'yan kwana-kwana. Namu yana saman kabad ɗin Inna, inda hannun yara ba ya kai.