Kafin a sa ka barci don aikin jijiyar fuska

Idan iskar hunturun Jalingo ta taɓa maka kunci ka ji kamar wutar lantarki ta ja ka, kada ka yi saurin cire haƙori. Sau da yawa jijiyar jini ce ke danne jijiyar fuska a cikin kai. Fara zuwa asibitin FMC a duba ka. In magani ya gaza, akan sa mutum barci, a buɗe bayan kunne, a raba jijiyoyin biyu da ɗan ƙyallen Teflon.

Inda ake sakaci shi ne hira da likitan sa barci. Gaya masa kana shan Tegretol, domin yana rage gishirin jini, yana kuma sa allurar sassauta jiki ta ƙare da wuri. Kada ka daina shansa da kanka. Jiƙo da sassaƙe ma ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Abinci kuwa, ka dakata awa 6 kafin aikin.