Hanyar Ƙafa Ta Mil 2,190 Da Masu Gyaranta Kyauta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa, sananne ne cewa kau da ƙaya ko dutse daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. Shi ne mafi ƙanƙantar rassan, watakila shi ya sa muke raina shi. To, ga labarin waɗansu da suka riƙi wannan aiki da gaske.

A gabashin Amurka akwai wata turba ta masu tafiya ƙasa wadda ta bi duwatsun Afalashiya, daga jihar Jojiya zuwa jihar Maine, ta ratsa jihohi 14. Benton MacKaye ya kawo shawararta a 1921, aka gama share ta a 1937. Galibin gyaranta 'yan sa kai ke yi, ƙungiyoyi wajen 30, kowace da yankinta, kuma a kan yanka wa mutum nasa rabon, ya san daga nan zuwa can yana wuyansa. A ganina wannan rabon ne ya raya turbar. Gayyarmu ta sharar hanyar kasuwa da ta rafi bayan damina, sau da yawa rashinsa ke kashe ta, kowa ya zura wa Ƙaramar Hukuma ido.

Babban abokin gabarsu ruwan sama ne, domin in ya sami turba a gangare sai ya mai da ita kwazazzabo. Saboda haka sukan gicciya gungume ko jerin duwatsu a karkace don ruwa ya kauce gefe, su riƙa yashe ƙasar da ta taru. Sukan jera matakala ta dutse, su shafa farin fenti a jikin itatuwa kada matafiyi ya ɓace. Inda doka ta hana amfani da inji, da dogon zarto na mutum biyu suke datse itacen da ya tare hanya.

A Satumban 2024 guguwar Helene ta kayar da itatuwa masu yawa a kudancin turbar har aka rufe waɗansu wurare, waɗannan mutane suka bi su da gatari da zarto suna buɗewa. Wassalam.