Ƙashi Abu Ne Mai Rai: Darasi Daga Kasuwar Litinin Ta Maiduguri

Kasuwar Litinin ita ce babbar kasuwar birnin Maiduguri, kuma ko da ya ke sunanta na rana ɗaya ne, kullum ta ke ci. Gobarar da ta tashi ran 26 ga watan Fabrairu 2023 ta cinye yawancin rumfunanta, daga baya aka sake gina ta. Amma a da da yanzu, kayan da ke shiga da fita cikinta a kan ƙasusuwan mutane su ke tafiya. 'Yan dako ne ke sauke buhun shinkafa mai kilo 50 da na masara mai kilo 100 daga manyan motoci, waɗansu a ka bisa gammo, waɗansu a gadon baya, waɗansu kuma a baro. Jarin ɗan dako ke nan, ƙashinsa. Ranar da ya karye, ranar abincin gidansa ya tsaya.

Jama'a da yawa suna ɗaukar ƙashi tamkar busasshen icce ne da aka kafa cikin jiki. Ba haka abin ya ke ba. Wanda ya tsaya a layin mahauta ya dubi ƙashin saniya da aka sara, zai ga bayansa da tauri, cikinsa kuwa da ƙofofi kamar soso, ga kuma ɓargo a tsakiya. Ƙashin ɗan Adam ma haka ya ke, jini yana ratsa shi, yana girma, yana kuma gyara kansa.

Jariri yakan zo duniya da ƙasusuwa wajen 270, waɗansunsu guringuntsi ne tukuna. Yayin da ya ke girma sai waɗansu su haɗe, har baligi ya tashi da 206. Tafin hannu da yatsu da wuyan hannu suna da 27, ƙafa tana da 26, haƙarƙari kuwa 12 ne a kowane gefe. Mafi tsawo shi ne na cinya, mafi ƙanƙanta kuwa yana can cikin kunne, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Aikin ƙwarangwal ya wuce tsai da jiki. Ƙoƙon kai yana tsare ƙwaƙwalwa, haƙarƙari yana tsare zuciya da huhu, ƙashin baya kuma yana tsare laka. A cikin ɓargo a ke ƙera ƙwayoyin jini. Bugu da ƙari, ƙashi rumbu ne, domin kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jiki a ƙashi da haƙora ya ke. In abinci ya gaza kawo shi, sai jiki ya ɗiba daga rumbun, ƙashi ya yi ta rauni ba a sani ba.

Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a ƙashi dare da rana, ɗaya tana rushe tsohon, ɗaya tana gina sabo, har ma masana sun ce cikin shekara goma, kusan dukan ƙwarangwal ɗin baligi yakan sabunta. Aikin ƙarfi yana sa ƙashi ya ƙara ƙwari. Sai dai abin da ya wuce kima yakan ci faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuya da na baya, shi ya sa ciwon baya ya zama abokin tsofaffin 'yan dako. Mai ɗaga buhu ya durƙusa ya tashi da ƙarfin cinyoyinsa, kada ya sunkuya ya fizga da ƙugu.

Ta wajen abinci kuwa, nono, da ƙananan busassun kifi da a ke ci har da ƙaya, da kuka, da zogale, duk suna ɗauke da kalsiyam, kuma duk ana samunsu a wannan kasuwa. Wani bincike da likitoci suka yi a Jos, aka buga shi a 1999, ya nuna cewa lanƙwashewar ƙafafun yara a ƙasar nan, sau da yawa ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke kawo ta, ba rashin hasken rana ba.

Babbar magana ita ce ta karaya. Da zarar ƙashi ya karye, jini yakan taru a wurin ya daskare, sai wani ƙulli mai taushi ya haɗa bakin biyu, sannan a hankali ya zama ƙashi. Galibi makonni shida zuwa takwas ke nan, na cinya kuwa watanni. Watau jiki ne ke yin ɗinkin. Aikin mai ɗori da na likita shi ne su daidaita ƙashin su hana shi motsi.

Masu ɗori sun gaji sana'arsu kaka da kakanni, suna kusa da jama'a, kuɗinsu kuma da sauƙi. Amma hannu ba ya ganin abin da ke cikin nama. Tun 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hanyar ɗaukar hoton ƙashi, aka sami idon da ke gani. Haɗarin da likitocin ƙashi suka fi kuka da shi shi ne ɗaurin da ya matse. Wurin karaya yakan kumbura, in karare da tsumma suka shaƙe shi, jini ba ya wucewa, nama ya mutu, a ƙarshe a yanke hannu ko ƙafar da da an cece ta. Yara sun fi shiga wannan masifa.

Saboda haka, in yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka mutu ba a jin taɓi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa bayan ɗori, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. Haka kuma in ƙashi ya huda fata, ko an bugu a wuya ko a baya, wannan ba aikin gida ba ne, kuma kada a tanƙwara mai raunin wajen ɗaukarsa. A Maiduguri akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959.

Ya kamata shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin 'yan dako su riƙa tara ɗan abin da za a kai wanda ya ji rauni a ɗauki hotonsa tun ranar farko. Kuɗin hoto bai kai kuɗin ƙafa ba. Allah ya kiyaye, amin.