Kifin ado a ramin ruwan garka: abin da ya kamata mu sani



A rangadin da muka yi na azuzuwan karatu a karkarar Gafati, cikin gundumar Mirriya, mun tarar da wani ɗalibinmu mai garka cikin ɓacin rai. Ƙanensa ya kawo masa ƙananan kifaye shida daga Kano, jajaye masu sheƙi, wutsiyarsu kamar mahuci. Ya zuba su a ramin siminti inda yake tara ruwan ban-ruwa. Yara suka yi ta zuwa kallo. Da bazara ta kankama, cikin kwana uku biyar suka mutu. Ya ce mana, "Malam, ko dai baki ne ya kama su?" Muka je muka duba ramin. Ba baki ba ne. Ruwan bai kai gwiwa ba, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, ga guntun tuwo ya ruɓe a ƙasa.

Wannan kifi baƙo ne a wurinmu. Turawa suna kiransa kifin zinariya. Asalinsa ƙasar Sin, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara 1000 da suka wuce. Da farko launinsa toka-toka ne kamar sauran kifin kogi. Mutane ne suka riƙa zaɓen jajayen suna haɗa su, har aka samu masu wutsiya biyu, da masu ƙaton ciki, da masu fitattun idanu. Kyan nan nasu shi ne rauninsu: ba su iya iyo da sauri, kuma ba su jure wahala. In ya samu kulawa, kifin yakan wuce shekara 10 a raye.

Ya fi jin daɗin ruwa mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20 zuwa 24. Sanyin hunturu ba ya damunsa ko kaɗan. Amma a Damagaram, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: kifi ma numfashi yake yi. Akwai iska narke a cikin ruwa, ita yake shaƙa. Duk sa'ad da ruwa ya yi zafi, iskar nan sai ta ragu. Da dare kuma gansakuka da ruɓaɓɓen abinci suna cinye sauran da ta rage. Saboda haka lokacin duba kifi shi ne bayan sallar asuba. In mun ga sun taso sama suna buɗe baki, to suna shaƙewa ne. Nan da nan mu ɗebe wani ɓangare na ruwan, mu zuba sabo daga sama yana fantsama, domin fantsamar ce ke shigar da iska.

Rami ya kai zurfin mita 1. A yi masa rumfar zana da za ta rufe rabinsa. Kada a cika shi da kifi. Bari mu yi lissafi irin na aji: rami mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 4000, wato tano 20. A irin zafinmu, mu dai shawararmu kifi ɗaya ga kowane tano, ko ƙasa da haka.

Abinci kuwa, sau da yawa kifin da ke mutuwa a hannun masu shi ƙoshi ne ya kashe shi, ba yunwa ba. A ba shi ɗan abin da zai cinye cikin minti 2 ko 3, sau ɗaya ko biyu a rana. Tuwo da miya mai mai ba abincinsa ba ne. Ruwan famfo na birni yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ke ƙona kifi. A bar shi ya kwana biyu a buɗaɗɗen mazubi tukuna. Kowane mako a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Tsohon ruwan kada a zubar a banza, taki ne. Salati da tumatir suna sonsa. Sannan ko kusa kada a wanke famfon feshin maganin ƙwari a ramin, ɗigo kaɗan ya isa ya gama da kifin duka.

To, me ya kawo zancen kifin kallo a shafin lafiya? Sauro ne. Tun shekarar 1897 aka tabbatar cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin nan da ke kwantar da ƴaƴanmu kowace damina. A ruwa kwantacce yake ƙwai, kuma cikin kwana 10 ko ƙasa da haka tsutsar ta zama sauro mai cizo. Ramin garka da babu kifi gidan haihuwar sauro ne a bayan ɗakinmu. Kifi yana cin tsutsar nan. A ƙasar Kenya, wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna tsutsar sauro ta ragu ƙwarai a tabkunan da aka zuba karfasa.

A nan ne muka ce wa ɗalibinmu gaskiya. In don sauro ne da miya, karfasa ta fi. Ƴar gida ce, zafi bai dame ta ba, dusa ta ishe ta, tana haihuwa da yawa, uwar ma a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Masunta na tabkunan yankinmu, irin su Gidimuni da Lasuri, sun san ta sarai, kuma ma'aikatan gandun daji za su iya nuna inda ake samun ƙanana. Tarwaɗa ta fi kowa juriya, tana shaƙar iskar sarari, amma mafarauciya ce. Wanda ya haɗa ta da kifin ado ya yi mata liyafa. Mai sha'awar jan kifi ya ware masa nasa wuri, ya kuma sa raga saboda zalɓe. In ya gaji da shi, kada ya sake shi a tabkin gari, domin yana tone laka, yana cin ƙwan kifinmu.

Kifi ba ya maye gurbin gidan sauro, ba ya maye gurbin maganin rigakafin damina da ake bai wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar tun 2013. Kuma jan kifi yana jan yara. Ramin da ya isa kifi ya isa ya haɗiye yaro mai rarrafe. A kewaye shi da shinge mai ƙofa kafin a zuba ko kifi ɗaya.

Ɗalibin namu ya ƙara zurfin raminsa, ya yi rumfa. Kifi ɗayan da ya rage yana nan a tsohuwar randa ƙarƙashin mangwaro, ramin kuma ya zuba masa karfasa 15.