Sauya Top Silinda da Gasket a Gida: Misali Daga Motar Sienna

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin gida da makaranta a ƙasar nan wanda bai taɓa shiga Sienna ba. Kamfanin Toyota ya ƙera ta a Amurka ne don magidanci da iyalinsa, amma da ta iso tashoshinmu a matsayin tokumbo sai ta koma motar haya mai dogon zango. Haka kuma da wuya a yi doguwar tafiya ba a ga wata a gefen hanya ba, an ɗaga bonet, tururi na tashi, direba na cewa ta ƙona gasket. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da wannan magana ke nufi, da yadda mai mota zai iya yin gyaran a gidansa. An ɗauki misali daga injin 1MZ-FE mai lita 3.0, wanda ke cikin Sienna ƙirar 1998 zuwa 2003.

Mene ne top, mene ne gasket?

Gangar jikin inji, inda fistin ke hawa da sauka, ita makanikai ke kira bulok. Murfin da ya rufe ta daga sama, wanda ke ɗauke da bawul da fulogi da kamshaf, shi ne top silinda, ko top a taƙaice. Ɗalibin harshe zai lura da yadda Hausa ta lanƙwasa waɗannan kalmomi na aro: ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa aka cusa wasali a bulok da fulogi, kuma harafin p ya koma f a fistin.

Tsakanin bulok da top akwai wani siririn faifai mai ɓuli-ɓuli, shi ne gasket. Abubuwa uku yake tsarewa kada su haɗu: wutar da ke tashi cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. Idan ya fashe, sai a ga farin hayaƙi na fita ta salansa ko da inji ya ɗumama, ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko kuma baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan na iya saɓule fatar mutum.

Gasket ba ya ƙonewa haka kawai, yawanci zafi ne ke kashe shi. Top ɗin wannan inji na alminiyam ne, idan ya sha zafi fiye da kima sai ya ɗan karkace, ya daina danne gasket daidai. Saboda haka wanda ya sauya gasket kaɗai bai nemi dalilin zafin ba, ya sayi 'yan makonni ne kawai.

Kwancewa

Injin yana da silinda 6, uku a gaba, uku a baya, don haka top biyu gare shi. Na gaba, wanda ke kusa da lagireto, yana da sauƙin kaiwa. Na baya kuwa ya lafe a ƙarƙashin gilashin gaba, sai an cire waifa da farantin da ke ƙarƙashinta da bututun shigar iska kafin hannu ya kai. A ganina wanda bai taɓa yi ba ya ware kwana uku, kada ya fara ranar Lahadi da niyyar lodi ranar Litinin.

A bar inji ya kwana ya huce. A cire kan batir, a zubar da ruwa da baƙin mai, a riƙa ɗaukar hoto da waya kafin a zare kowace wayar wuta ko tiyo. Sannan a juya karanshaf da hannu har alamun tayimin su daidaita kafin a sauke bel. Kowane top yana da kamshaf biyu da haƙori ya haɗa, ɗaya daga cikin haƙoran kuwa biyu ne a manne da sifirin a tsakani, sai an kulle su da ɗan ƙaramin bol kafin a ɗaga. Ƙananan kofunan da ke kan bawul kowanne da gurbinsa. Kiret ɗin ƙwai ya isa a jera su yadda aka same su.

Manyan bol 8 ne ke riƙe da kowane top, da wani ƙarami da ke ɓoye wanda ake yawan mantawa. Ana sassauta su kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya, a zagaya sau biyu ko uku. Idan top ya ƙi tashi, a sake neman bol ɗin da aka bari, kada a cusa sukudireba tsakaninsa da bulok, domin tabo ɗaya a wannan fuska ya isa ya zama hanyar ruwa.

Awo

Nan gizo ke saƙar. Bayan an kankare tsohon gasket a hankali, sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan fuskar top, a tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a gwada zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. Giɓin da ya wuce milimita 0.1, wato kusan kaurin gashin kai, ya nuna top ya karkace. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ma ba ya jin sa. Wannan shi ne ɓangaren da ba a gamawa a tsakar gida: ko dai a kai wa masu injin goge ƙarfe su daidaita fuskar su kuma duba ko akwai tsaga, ko a nemi wani top a kasuwar kayan mota irin Ladipo a Legas ko Panteka a Kaduna. Shi ma na kasuwar sai an auna, domin ba a san irin zafin da ya sha a motarsa ta farko ba. Fuskar bulok ma a auna ta. Dabarar da wasu ke yi ta ninka gasket biyu ko lafta gam don cike giɓi ba gyara ba ce.

Mayarwa

A sayi gasket mai kyau, araha ba ta ado. Na gaba da na baya ba ɗaya ba ne, kamfani ya buga wa ɗaya R ɗaya L, kuma a bushe ake shimfiɗa shi. A tsane ramukan bol sarai. Ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami yakan sa bol ya yi kamar ya ɗauru alhali bai ɗauru ba, wani lokaci har ya tsaga bulok, wanda shi ma na alminiyam ne.

Bol ɗin irin wanda ke ɗan miƙewa ne idan aka ɗaure shi, don haka sabo ya fi aminci. A shafa masa baƙin mai kaɗan, a fara ɗauri daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, a zagaya a hankali har kowanne ya kai 54 a ma'aunin Nm. Daga nan a ɗiga fenti a goshin kowane bol, a ƙara juya shi digiri 90, wato kwatan zagaye. Fentin ne zai nuna wanda aka tsallake. Wanda ba shi da irin wannan sifana ya ara ko ya haya, ƙarfin damtse ba ma'auni ba ne.

Tunda bel ɗin tayimin yana ƙasa, wannan ne lokacin sauya shi tare da famfon ruwa da ke bayansa. Bayan an ɗora, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu, a tabbatar alamu sun dawo gurbinsu kafin a taɓa makulli.

Sai a koma ga abin da ya jawo zafin tun farko: lagireto da ya toshe, fanka da ba ta tashi, tiyo ko murfi mai yoyo. Akwai al'adar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu na da zafi, alhali shi ke tsare inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. A mayar da shi. A zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon na rijiya ko na burtsatse, wanda ke kawo tsatsa da dasashi. A tayar da inji da sabon mai da filta, a kunna hita don iska ta fita daga hanyar ruwa, a jira har fanka ta tashi ta tsaya da kanta. A makon farko, kowace safiya kafin a tayar, a leƙa lagireto a kuma zaro sandar mai a duba launinsa.