Tayar Mota Da Hanyar Damina

Manoma da 'yan kasuwa na Mabai da sauran ƙauyukan Ƙanƙara, da na Faskari da Sabuwa, sun san wahalar hanya da damina. Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da a ke bukatar kai taki gona, a kuma fitar da ragowar masara da dawa zuwa kasuwannin Sheme da Dandume da Funtua, a sa'an nan ne hanya ta kan koma taɓo da santsi. Mota ta kan kafe da buhunan taki, ruwa ya jiƙa su, lokacin zuba su ya wuce. Wani lokaci ma hasarar ta kan wuce dukiya ta kai ga rai. Saboda haka wannan mako za mu ajiye maganar iri da huɗa, mu yi maganar taya, domin kome ƙarfin inji, taya ce ta ke taka ƙasa. Abin da tayar ƙaramar mota ta ke takawa kuwa bai fi faɗin tafin hannu ba.

Akwai tayoyi da yawa a kasuwa waɗanda aka rubuta All Season a gefensu, watau taya ta kowane lokaci. Masu sayarwa su kan ce wannan ba ruwanta da rani, ba ruwanta da damina. To, ya kamata mai saye ya san lokatan da Turawan da suka yi ta su ke nufi.

A Turai da arewacin Amurka hunturu ya kan zo da dusar ƙanƙara, ta rufe hanya, ruwa ya daskare bisa kwalta. Don haka tayoyinsu iri uku ne. Akwai ta lokacin zafi, mai taurin roba. Akwai ta hunturu, mai laushin roba da tsaga-tsaga ƙanana masu yawa, wadda aka fara yi wa manyan motoci a ƙasar Finlan a 1934. Da can mai mota ya kan sake tayoyi sau biyu a shekara. A 1977 kamfanin Goodyear na Amurka ya fito da wata mai suna Tiempo, tsaka-tsaki, don a huta da wannan ɗawainiya. Ita ce uwar tayoyin kowane lokaci.

Amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. In dusar ƙanƙara kaɗan ce, wannan taya ta kan yi aiki. In ta yi zurfi, ko ruwa ya daskare, sai a taka birki mota ta yi ta sulalewa, ta wuce inda mai tayar hunturu zai tsaya. Dalili kuwa, da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robarta ta kan fara ƙandarewa, ba ta kama hanya sosai. Haruffan M+S da a ke gani jikinta, ma'anarsu taɓo da dusar ƙanƙara, amma bisa ga fasalin zane a ke sa su, ba tare da jarrabawa ba. Wannan ya sa a 1999 aka fito da wata alama a Amurka da Kanada, hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya, wadda ba a ba taya sai ta ci jarrabawa.

Mu kuwa, ko da ya ke sunan garinmu Ƙanƙara, ƙanƙarar da mu ke gani ita ce mai zubowa da ruwan farko, kafin a tsince ta ta narke. Sanyin Disamba da Janairu ba ya daskarar da rafi. Abin da mu ke da shi zafin Maris da Afrilu, mai kaiwa digiri 40, sa'an nan ruwan Agusta. Ashe tayar hunturu ba ta da amfani gare mu, sai ma ɓarna. Robarta mai laushi ta kan cinye da sauri bisa kwalta mai zafi, birki kuma ya ƙara nisa. Tana kuwa iso mana. Kamfanin Michelin ya rufe ma'aikatarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008, sai kasuwa ta cika da tayoyin waje. Gwamnati ta hana shigo da tsofaffi, amma ba su daina shigowa ba, cikinsu har da na hunturu waɗanda Turawa suka gama da su. In kun ga an rubuta Winter ko Snow, ko kun ga ramuka ƙanana inda aka ciccire ƙusoshi, ku bar ta kome arharta. Araha ba ta ado.

Yanzu sai maganar ruwa, wadda ta fi damunmu. Zanen da ke jikin taya aikinsa kamar na lambatu ne a gona. Ramukan su ke kwashe ruwan da ke kan kwalta su watsa gefe, roba ta sami ƙasa ta kama. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin zanenta kamar milimita 8 ne. In ya koma 3, aikinsa cikin ruwa ya ragu ƙwarai. In ya kai 1.6, a ƙasashe da yawa doka ta hana hawa da ita. In zane ya suɗe, ko gudu ya yi yawa, ruwa ba ya samun wurin fita, sai taya ta hau bisansa kamar kwalekwale. A sa'an nan sitiyari ba ya jin magana, birki ba ya ci. Wannan ya kan faru daga gudun kilomita 80 a sa'a, da suɗaɗɗiyar taya kuwa tun kafin a kai haka. In ya same ku, ku ɗaga ƙafa daga totur, ku riƙe sitiyari sosai, kada ku danna birki da ƙarfi.

Tayar kowane lokaci mai cikakken zane ta kan yi kyau bisa jiƙaƙƙiyar kwalta, kamar hanyar Funtua zuwa Gusau. Duk da haka nisan da mota ta ke bukata ta tsaya cikin ruwa ya kan ninka na rani. Ruwan farko ya fi kowane hatsari, domin ya kan kwaɓe da ƙura da man da motoci suka zubar duk rani, hanya ta zama kamar an shafa mata karkashi.

Hanyar ƙauye kuwa wani abu ne dabam. Laka ta kan cika ƙananan ramukan wannan taya, ta koma sumul kamar ba zane, ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Motar da aikinta shiga ƙauye, kamar kanta da akori-kura, taya mai manyan haƙora da faɗin rami ta ke so, wadda ta ke kakkaɓe laka tana tafiya. Ku dubi tayar tarakta, za ku gane. In mota ta kafe, ba wuta ba ya fitar da ita, sai ƙara haƙa rami. A rage kaya, a shimfiɗa kara ko rassa, a tashi a hankali. A kan rage iska kaɗan don taɓo ko yashi, amma lalle a mayar da ita kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska da nauyin kaya ita ce mai zafi ta fashe.

Ga abin da za ku duba kafin ku biya kuɗi, ko kafin ku ɗora kayanku a mota. Na farko zurfin zane. Cikin ramukan akwai 'yan tudu da aka yi don alama. In sun yi daidai da fuskar taya, ta gama aiki. Na biyu shekarunta. A gefe akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an rubuta 2319, watau an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kan gargaɗi direbobi su bar taya in ta wuce shekara 4 da yi, domin roba ta kan bushe ko ba a hau ta ba. Na uku, a tayoyi da yawa akwai kalmar Traction da harafi a gabanta, AA ko A ko B ko C. Wannan awon kama jiƙaƙƙiyar hanya ne, AA ta fi, C ce ta baya. Na huɗu tsagewa ko kumburi a gefe. Wannan ya fi ƙarfin mai faci. Iska kuma da safe a ke auna ta, kafin taya ta yi zafi.

In kuɗinku na taya biyu ne kaɗai, masu yin taya sun ce a sa sababbin a baya, domin in baya ya zame cikin ruwa mota ta kan juya, direba ba shi da dabara. Masu babur, ku ma maganar ta shafe ku, ku da tayarku biyu tak, ga buhu biyu a baya. Rafin da ya kawo kuwa, babu tayar da aka yi dominsa. Ruwa mai gudu, in ya kai kamu ɗaya da rabi, ya isa ya ɗauke ƙaramar mota. Ku jira ya janye.

Mai sayen takin buhu ya kan duba lambobin da ke jikinsa kafin ya biya. Haka ya kamata a yi wa taya, tun damina ba ta yi nisa ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.