"Rerun": kalmar da ke bambanta sabon tuwo da ɗumame

Yakan faru a gidajen kallon ƙwallo na Garwa ko Injamena ko zangon Kumasi. Mutum ya shigo a makare, ya tarar ana wasa a allo, ya samu benci ya zauna. Can aka jefa ƙwallo a raga, ya miƙe yana ihu, sai ya ga babu wanda ya motsa. Na kusa da shi ya ja masa riga ya ce, "Malam zauna, ai wasan jiya ne." Da ya dubi kusurwar allon tun farko, wataƙila da ya ga ƴar kalmar da tashar ta rubuta don ta sanar da shi hakan. A tashoshin Faransanci kalmar ita ce "rediffusion". A na Turancin Ingilishi kuwa ana cewa "repeat" ko "rerun". Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi yawo a intanet da jaridu, kuma ita ce ta fi rikita wanda ya yi karatun boko da Faransanci.

Ma'anar kalmar

"Rerun" haɗin gaɓa biyu ce. Ta farko, "re", ta samo asali daga Latinanci, kuma tana nufin sake yin abu. Mai jin Faransanci ya san ta sarai, domin ita ce a farkon "refaire" da "revoir" da ita kanta "rediffusion". Ta biyu, "run", an fi saninta da ma'anar gudu, amma a bakin masu sinima tana nufin tsawon kwanakin da fim ya yi ana nuna shi. Nunin farko shi ne "first run". Idan fim ko shiri ya gama zagayensa aka dawo da shi, ya zama "rerun". Da Hausa, maimaici ke nan, kalmar da masu gabatar da shirye-shirye suka saba faɗa idan suna sallama: "Za ku iya jin maimaicin wannan shiri gobe da safe."

Ana furta ta kamar "ri-ran". Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, kuma wurin da aka ƙarfafa murya ne ke bambanta su. Idan suna ce, ana danna gaɓar farko, kamar a jimlar "It is a rerun", wato maimaici ne. Idan aikatau ce, ana danna ta biyu, kamar a "They will rerun it", wato za su maimaita shi. Idan aikin ya riga ya wuce sai a ce "reran". Ɗalibai da yawa kan rubuta "rerunned", wanda kuskure ne, domin kalmar tana bin sawun uwarta "run" a duk sauye-sauyenta.

Kowa da tasa

Amurkawa ne suka fi cewa "rerun". Mutanen Birtaniya sun fi son "repeat", har jaridunsu kan sa harafin R a gaban sunan shiri a jadawalin talabijin don nuna an taɓa nuna shi. Da yake Ingilishin Ghana da Najeriya da yankin Kamaru mai magana da Ingilishi reshen na Birtaniya ne, abin da kunne ya fi ji a gidajen rediyonsu shi ne "repeat broadcast". Akwai kuma "rebroadcast", wadda ke ɗaukar ma'ana biyu: sake watsa shiri daga baya, ko kuma wata tasha ta karɓi shirin wata ta watsa wa mutanenta, kamar yadda tashoshin FM na gida ke karɓar shirye-shiryen Hausa na BBC da RFI da DW.

Inda tarkon yake shi ne kalmar "replay". Faransawa sun aro ta daga Ingilishi, amma suka ba ta wani aiki dabam. A wurinsu, kallon shiri "en replay" shi ne mutum ya shiga shafin tashar ko manhajarta ya kalli abin da ya wuce shi a lokacin da ya ga dama. Baturen Ingila ba haka yake kiran wannan ba, "catch-up" yake cewa. A wurinsa "replay" ita ce sake nuna wani ɗan yanki na wasa, misali yadda aka ci ƙwallo, ko kuma sake buga wasan gaba ɗaya. Bambancin yana da sauƙin riƙewa: a "rerun", tasha ce ke zaɓar lokacin da za ta maimaita, a "replay" na Faransawa kuwa mai kallo ne ke zaɓa.

Haka kuma kada a haɗa maimaici da abin da Faransawa ke kira "en différé". Wannan shiri ne da aka naɗa aka jinkirta watsa shi, amma ba a taɓa nuna shi ba. Sabo ne, sai dai ba kai tsaye yake zuwa ba.

Yadda abin ya faro

A farkon zamanin talabijin a Amurka, wajejen ƙarshen shekarun 1940, yawancin shirye-shirye kai tsaye ake yin su daga birnin New York. Wanda bai gani ba ya yi asara. Hanyar adana su kawai ita ce a girke kyamarar fim a gaban allo ta ɗauki abin da ake nunawa, hoton kuma yakan fito dishi-dishi.

Wasan barkwanci mai suna "I Love Lucy", wanda tashar CBS ta fara nunawa a watan Oktoban 1951, shi ya sauya lissafin. Taurarinsa, Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, ba su yarda su bar Los Angeles su koma New York ba. Sai suka zaɓi a ɗauki wasan a kan fim mai inganci irin na sinima, da kyamara uku a lokaci guda. Da yake hakan ya fi tsada, suka amince a rage musu albashi, bisa sharaɗin fina-finan su zama mallakarsu. Lokacin da Lucille Ball ta tafi hutun haihuwa a zango na biyu, aka cike gurbi da tsofaffin kashi, sai ga shi jama'a sun zauna sun sake kallo. Daga baya ma'auratan suka sayar wa CBS fina-finan a kan miliyoyin daloli. Nan masu talabijin suka gane cewa shirin da aka gama nunawa bai mutu ba, kadara ce.

A 1956 kamfanin Ampex ya fito da na'urar naɗar hoto a kan tef. A ƙarshen watan Nuwamban shekarar, CBS ta yi amfani da ita ta naɗi labaran yamma na New York, ta sake watsa su ga mutanen gaɓar yammacin ƙasar, waɗanda agogonsu ke bayan na New York da awa uku. Tun daga tushe ke nan, bambancin agogo na cikin dalilan da suka haifi maimaici.

Akwai kuɗi a ciki

Sannu a hankali maimaici ya zama kasuwa mai zaman kanta. A al'adar talabijin ɗin Amurka, sabon zango kan fara a watan Satumba ya ƙare a Mayu, watannin da ke tsakani kuma a cike su da tsofaffin kashi. Masu shirya wasanni masu dogon zango sukan yi fatan kaiwa kashi 100, domin da wannan adadin ƙaramar tasha za ta iya sayen wasan ta nuna shi kwana biyar a mako har mako 20 ba tare da ta koma farko ba. Wani wasan ma sai a maimaici yake yin suna. "Star Trek" na asali an nuna shi daga 1966 zuwa 1969, kashi 79 kacal, aka dakatar da shi saboda ƙarancin masu kallo. A shekarun 1970 da ƙananan tashoshi suka riƙa maimaita shi ne ya samu ɗimbin masoyan da suka sa aka dawo da shi a sinima.

Inda kuɗi ya shiga, rigima ba ta nisa. Ƴan wasa suka ce tunda tasha na samun kuɗin talla duk lokacin da ta sake nuna fuskarsu, su ma suna da haƙƙi. A 1960 ƙungiyar ƴan wasan fim ta Amurka, ƙarƙashin Ronald Reagan wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ta yi yajin aiki kan a riƙa biyansu idan an nuna fina-finansu a talabijin. Maganar ba ta mutu ba har yau, domin tana cikin manyan dalilan yajin aikin marubuta da ƴan wasa na Hollywood a 2023, wannan karon kan abin da ake kallo a manhajoji irin su Netflix.

Waɗanda ba su hango darajar tsohon shiri ba kuwa sun yi da-na-sani. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tef ɗinta don ta sake naɗar wasu shirye-shirye a kai, har kashi fiye da 100 na wasan "Doctor Who" suka ɓace. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje. A watan Oktoban 2013 aka sanar da gano kashi tara daga cikin ɓatattun a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos, suna nan a kan kanta tun shekaru da dama. Gaskiyar Bahaushe, da tsohuwar zuma ake magani.

A wajen talabijin

Mai karanta labaran siyasa da Ingilishi zai ci karo da kalmar a wani fagen. "Rerun election" shi ne zaɓen da aka sake bayan an soke na farko. Haka aka yi a Kenya, inda kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa na watan Agustan 2017 aka sake shi a Oktoba. Haka ma a Malawi, inda kotu ta soke zaɓen 2019 aka sake shi a watan Yunin 2020.

A nan ma sai an yi hattara, domin akwai wata kalma mai kama da ita, "run-off". Wannan ita ce zagaye na biyu, "second tour" a Faransanci, wanda ake yi idan babu ɗan takarar da ya samu ƙuri'un da doka ta gindaya, kamar yadda aka yi a Ghana a watan Disamban 2008 da Nijar a watan Fabrairun 2021. A zagaye na biyu ba a soke komai ba, ci gaba ne. A "rerun" kuwa an ce na farkon bai inganta ba. Mai fassarar da ya musanya su ya ɗora wa ƙasa laifin da ba ta yi ba.

Ana kuma aron kalmar don yin shaguɓe. Idan ɗan jarida ya kira wani taron sulhu "rerun" na bara, yana nufin fuskokin nan ne, jawaban nan ne, babu wani sabon abu.

Me ya shafi mai sauraron Hausa?

Hausawa na cikin waɗanda suka fi cin moriyar maimaici, domin a warwatse suke a kan agogo huɗu. Idan ƙarfe takwas na dare ta yi a Yamai da Garwa da Injamena, a Ankara ta Ghana bakwai ce, a Khartoum tara, a Makka goma. Shirin da ya samu wani yana hutawa bayan isha'i, wani yana kan hanyar dawowa daga kasuwa, wani kuma ya yi barci. Ga ɗaukewar wutar lantarki, ga aikin gona da damina. Ba don maimaici ba, da yawa ba za su taɓa jin shirin da aka yi dominsu ba. Ga iyalin da ke zaune cikin masu wani harshe, sake jin shirin Hausa wata dama ce ta yara su riƙe harshen gida.

Sai dai amfanin yana tare da sharaɗi: mai sauraro ya san cewa maimaici ne. Wanda bai sani ba zai ƙona katin wayarsa yana kiran shirin da aka rufe layinsa tun jiya. Zai ɗauki farashin masara na makon jiya ya tafi da shi kasuwa. Zai ji sanarwar ranar rigakafi ko ta rufe rajistar jarrabawa ya ɗauka yana da sauran lokaci.

Babban haɗarin yana cikin waya. Tashar da ta san aikinta takan rubuta a kusurwar allo ko abin da take nunawa "live" ne ko "direct", ko kuwa "rediffusion" ne ko "images d'archives", wato tsofaffin hotuna daga ma'ajiya. Amma idan wani ya yanko minti ɗaya ya tura a WhatsApp ko Facebook, sau da yawa wannan alamar ba ta biyo shi. Sai bidiyon rikicin da aka yi shekara biyar baya ya dawo a matsayin na yau da safe, hankalin ƴan uwa da ke ƙetaren iyaka ya tashi, wani lokaci har a ɗauki fansa kan abin da aka daɗe da sasantawa.

Saboda haka kafin a tura wa wani, yana da kyau a tsaya a duba. Akwai kwanan wata a jikin hoton? Ana ruwan sama a bidiyon alhali ana tsakiyar hunturu? Mai gabatarwa na yi wa jama'a barka da Sallah a watan da ba na Sallah ba? Jami'in da ake kira gwamna ko minista, har yanzu shi ne a kan kujerar? Ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi kan isa ta tona asirin tsohon labari.

Faransawa kan kira abin da aka sake kawowa ba tare da sabon abu ba "du réchauffé", wanda shi ne ɗumame a Hausance. Bahaushe bai raina ɗumame ba, wani ma ya fi son sa a kan tuwon dare. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a miƙo masa ɗumame a ce yanzu aka kwashe shi daga tukunya. Aikin kalmar "rerun" ke nan, ita da "repeat" da "rediffusion" da maimaici: su faɗa wa mutum abin da ke cikin kwanon kafin ya sa hannu.